Babi na Shida: Soyayya a Falo, Dariya a Ƙauye

Abu biyu ne ke gangarowa Haɗeja daga Kano ba tare da an yi shawara da Haɗejawa ba: ruwa da fim. Na ruwa sanannen labari ne. Kogin Kano da na Calawa suna haɗuwa su zama ɗaya, ya ratsa ƙarƙashin gadar Wudil, ya bi ta ƙasar Ringim, ya iso Auyo da Haɗeja, sannan ya bazu cikin fadamun Kirikasamma da Guri kafin ya nufi Nguru da Gashuwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Calawa a 1992, yawan ruwan da manomin shinkafa zai gani a gonarsa, bayan ikon Allah, ya koma hannun masu riƙe da ƙofofin madatsun nan. Fim kuwa a cikin kwali ya riƙa zuwa, a bayan motar haya, da fari kaset ɗin bidiyo, daga baya faifan CD. Yau ba ruwansa da mota. Yaro zai miƙa waya ko memori a shagon caji, a tura masa na wannan makon, ya koma gida a taru a kansa.

Mafi yawan abin da ake turawar soyayya ce, kuma kusan duk a wuri guda ake yin ta. Falo ne mai manyan kujeru da labule har ƙasa, sai get da maigadi, sai mota. Saurayin ɗan Alhaji ne da ya dawo daga karatu a ƙasar waje, ko kuma talaka ne da zai yi kuɗi kafin fim ya ƙare. Mutumin da ya wuni cikin ruwa iya gwiwa yana dashen shinkafa a Auyo, ko wanda ya kwana yana bandar kifi, shi ne zai zauna da dare yana kallon wannan falo. Ba wanda ya tilasta masa, kuma ba abin zargi ba ne, kowa na son ganin abin da babu a gidansu. Amma in ya nemi mai kama da shi a cikin fim ɗin, a bakin get zai same shi da hula a karkace ana daka masa tsawa, ko kuma a wani fim daban da aka shirya don a yi dariya.

Wannan rabon gado, soyayya ta birni, dariya ta ƙauye, yana da asali.

Fim na farko da mutanen karkarar Arewa suka sani shi ne majigi. Motar gwamnati ce ke zuwa gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin makaranta, a jira duhu. A irin waɗannan finafinai manomi ne a tsakiyar labari. Baban Larai na shekarun 1950, wanda dattawa ke tunawa har yau, kan noma aka gina shi. Sai dai manomin majigi ɗalibi ne, an kawo shi a koya masa yadda ake shuka da tsafta da biyan haraji. Ba wanda ya damu da wace yarinya yake so.

Soyayya ta wata ƙofar ta shigo. Kwarori 'yan Labanan da ke riƙe da gidajen silima na Kano, irin su Rex da Palace da El Dorado, su ne suka fara kawo finafinan Indiya, suka ga kasuwa ta karɓa fiye da yadda suka zata. Daga ƙarshen shekarun 1970 talabijin ta shigar da su har cikin gidaje, wurin matan da ba sa zuwa silima. Jama'a ba sa jin yaren, amma sun gane rigimar: yarinya na son wani, uba ya yi wa wani alkawari, ga dangi, ga kunya, ga bambancin arziki. Har laƙabi aka raɗa wa jaruman, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Masanin nan Brian Larkin, wanda ya zauna a Kano yana bincike a shekarun 1990, ya nuna cewa abin da ya ja Bahaushe shi ne ganin wata duniya ta zamani wadda ba ta Turawa ba, inda ake soyayya amma iyaye na da ta cewa.

Daga silima abin ya faɗa takarda. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980, kuma abin lura, labarin wata Bafulatana ne da ta so wanda ba ɗan ƙabilarsu ba. Wato littafin da ake ƙirgawa a sahun farko na soyayya bai fara daga falo ba. Amma da kasuwar ta buɗe sosai a Kano, birni ya cinye ta. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, a farkon shekarun 1990, ya kafa ginshiƙin da aka daɗe ana gini a kai: Sumayya 'yar masu kuɗi, Muhammad talaka, iyaye sun fi son mai hali, har yarinya ta faɗa rijiya. Balaraba Ramat Yakubu ta ɗauki ɓangaren da ya fi ɗaci, na auren dole da kishi da mijin da ya yi watsi da iyalinsa, a Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? Waɗannan littattafai sun kai Haɗeja da Gumel da Malam Madori kamar yadda suka kai ko'ina, ana ba da hayarsu, 'yan makarantar kwana na ɓoye su ƙarƙashin katifa.

A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya yi kasuwa. A lokacin Haɗeja na cikin Jihar Kano, sai ranar 27 ga Agusta 1991 aka yanke Jigawa. Jihar ta tafi da masarautunta da fadamunta, sana'ar fim ta zauna inda kuɗi da kyamara suke. 'Yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai da Bata, ofisoshin furodusoshi na titin gidan Zoo. A 1999 Sunusi Shehu Daneji ya raɗa wa harkar suna Kannywood a mujallar Tauraruwa, a shekarar ne kuma Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim. A dai shekarar Sangaya na kamfanin Sarauniya ya fito, labarin yarima da 'yar aikin gidan sarauta, da Ali Nuhu da Fati Muhammad. Waƙarsa ce ta sayar da shi, kuma 'yan kasuwa suka riƙe darasin. Wasila ya biyo baya a 2000. Daga nan duk furodusan da ya kai fim kasuwa, kafin a tambaye shi labarin, sai an tambaye shi waƙa nawa ce a ciki.

A nan ne 'yan fim da kansu suka raba sana'arsu gida biyu, suka ba kowane suna. Akwai santimental, na soyayya da hawaye da rawa da waƙa, mai cin kuɗi, mai bukatar gida mai kyau da sutura. Akwai kuma camama, na barkwanci, wanda ake iya gamawa cikin 'yan kwanaki a wani ƙauye kusa da Kano, da riga yagaggiya da rawani a warware. Sarkin camama shi ne Rabilu Musa Ibro, ɗan Ɗanlasan ta ƙaramar hukumar Warawa, ba nisa da Wudil inda kogin Haɗeja ke wucewa. Tsohon ma'aikacin gidan yari ne, kuma gwani ne na gaske, irin wanda fitowarsa kawai ke sa a fara dariya kafin ya buɗe baki. Da ya rasu a Disambar 2014 an ga irin son da talaka ke yi masa. Mutanen karkara sun fi kowa sayen finafinansa, domin a nan kaɗai suke ganin zaure da rumbu da jaki da irin maganarsu. Amma Ibro ba ya soyayya a fim, sai dai neman aure na abin dariya: ya je zance a kore shi, ya yi ƙarya a kama shi, ya gudu. Darasin da mai kallo ya ɗauka, ko ba a faɗa masa ba, shi ne baƙauye na iya ba da dariya, amma zuciyarsa ba abin ɗauka da muhimmanci ba ce.

Ita ma santimental ɗin tana da nata takunkumin. A fim ɗin Hausa namiji ba ya taɓa mace, ko da mata da miji suka fito. Bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, an kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, ta mai da abin da da al'ada ce ya zama doka. Zamanin da Abubakar Rabo Abdulkarim ya riƙe hukumar, daga 2007, an ɗaure mutane: Adam A. Zango, da Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama mai fim ɗin Tsintsiya, har da shi Ibro, wanda ya koma gidan yari a 2008 ta ƙofar da ba ta ma'aikata ba. A 2016 ƙungiyar 'yan fim ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda bidiyon wata waƙa da ta fito a ciki da mawaƙi ClassiQ. To in ba taɓawa, ba keɓewa, da me za a nuna so? Da waƙa. Masu sukar rawa da waƙa kan ce kwaikwayon Indiya ne kawai, kuma akwai gaskiya a ciki, amma sun manta cewa waƙar na yin aikin da aka hana labari ya yi. A cikin waƙar ne kuma ruwa kan fito: bakin tafki, ciyawa kore, jaruma ta canza kaya sau huɗu. Ruwan ado ne, ba wanda ake kamun kifi ko ake asarar gona a cikinsa ba.

Akwai wata ƙasa a tsakiyar Turai da ta bi hanya mai kama da wannan, sannan ta ratse, kuma inda ta ratse ɗin ne abin dubawa. Ita ce Hangari, wadda ba ta kai mutum miliyan goma ba. Jihar Kano kaɗai, bisa ƙiyasin yau, ta fi ta jama'a. Yarensu bai yi kama da na maƙwabtansu ba, don haka fim ɗin da suka yi da shi, su kaɗai suke sa ran su saya. Rabin ƙasar shimfiɗaɗɗen fili ne na noma da kiwo, kogin Tisza na ratsa shi, kuma sun san ambaliya: ta 1879 ta kusan shafe birnin Szeged. (Alaƙarsu da Nijeriya a fim ma ta daɗe, ko da yake ba mai daɗi ba ce. 'Yan'uwan nan biyu, Alexander da Zoltan Korda, 'yan Hangari da suka koma Ingila, su suka yi Sanders of the River a 1935, fim ɗin yabon jami'in mulkin mallaka a Nijeriya, wanda jaruminsa Paul Robeson ya yi tir da shi daga baya.)

Da fim mai magana ya iso Budapest, babban birninsu, abin da suka fara cin kasuwa da shi soyayya ce mai barkwanci, kuma a falo. Hyppolit, a lakáj na 1931 labarin wani mai motocin dako ne da ya yi sabon kuɗi. Matarsa ta ɗauko wani hadimi da ya daɗe yana aiki a gidan sarauta, don ya koya musu zaman manya. Hadimin ya hana maigida sakewa a gidansa, ya canza masa sutura da abinci, har sai da ya koma cin albasarsa a ɓoye. A gefe guda 'yarsu ta ƙi wanda uwa ta zaɓa mata, tana son wani ma'aikacin ubanta. Meseautó na 1934 kuwa shugaban banki ne ya ɓad da kama ya zama direba don ya gane ko wata ƙaramar ma'aikaciya za ta so shi ba don kuɗinsa ba, ga kuma wata tsadaddiyar mota a tsakiyar labarin. An yi su ne a shekarun da tattalin arzikin duniya ya karye, mutane na fama da rashin aiki, suna biyan kuɗi su kalli motar da ba za su taɓa hawa ba. Duk wanda ya san Kannywood zai ce ai wannan namu ne. Attajirin da ya yi shigar talaka don gwada budurwa, an yi shi a Kano ba adadi.

Bambancin farko shi ne su ba su raba dariya da soyayya ba. A fim ɗaya ake yin su, kuma wanda ake yi wa dariyar shi ne mai kuɗi da matarsa mai son a sani. Gyula Kabos, wanda ya fito a duka finafinan biyu, shi ne Ibronsu ta fuskar farin jini, amma shi a cikin falon yake, yana tuntuɓe da kujerun da ya saya da kuɗinsa.

Bambanci na biyu ya zo bayan yaƙin duniya na biyu. 'Yan gurguzu sun karɓi mulki, gwamnati ta ƙwace harkar fim a 1948, aka kafa tacewar da ta fi ta Kano tsanani nesa ba kusa ba. A cikin wannan matsi Zoltán Fábri ya yi Körhinta, aka nuna shi a bikin finafinai na Cannes a Faransa a 1956. Labarin 'yar manomi ce, Mari, tana son wani saurayi Máté ɗan ƙungiyar manoma ta haɗin gwiwa. Ubanta ya fice daga ƙungiyar, ya yi niyyar ba da ita ga wani mai gonaki, don gonarsa ta haɗu da ta surukinsa. Auren dole ne tsagwaronsa, kuma dalilinsa ƙasa ce, ba mugunta ba. Uban ba azzalumin fim ba ne mai zare ido; mutum ne da ke lissafin abin da zai ci a baɗi. Gaskiya ne labarin ya karkata inda gwamnati ke so, tunda saurayin kirki shi ne ɗan ƙungiya. Amma abin da mutane suka riƙe ba wannan ba ne. Sun riƙe fuskar jarumar fim ɗin, Mari Törőcsik, 'yar shekara ashirin a lokacin, a kan lilo mai juyawa a ranar kasuwa, da wata doguwar rawa a gidan biki inda saurayin ya ƙi sakinta gaban wanda aka yi mata baiko da shi. Da taɓo da kekunan doki da ɗankwali aka yi fim ɗin, kuma har yau yana cikin waɗanda 'yan ƙasar ke sawa a sahun gaba.

Wani kuma da zai fi ba Bahaɗeje dariya shi ne A tanú na Péter Bacsó, na 1969. Jaruminsa, Pelikán, mai gadin jinga ne a bakin kogin Danube, aikinsa ya hana ruwa fasowa. An kama shi don ya yanka aladensa ba da izini ba, sai manyan jam'iyya suka fito da shi suna ta ba shi muƙaman da bai iya ba, har da shugabancin wata cibiyar noman lemon zaƙi a ƙasar da lemo ba ya yi, duk don su shirya shi ya ba da shaidar zur a kan abokinsa. Shi kuwa hankalinsa na kan jingarsa. Talakan bakin kogi ne mai hankali a fim ɗin, masu mulki ne abin dariya, shi ya sa aka hana nuna shi kusan shekara goma. A 1971 Károly Makk ya yi Szerelem, ya ci kyauta a Cannes. Matar wani fursunan siyasa ce ke jinyar uwar mijinta, tana rubuta wasiƙun ƙarya da sunan ɗan, wai yana Amurka yana shirya fim, don kada tsohuwa ta mutu da baƙin ciki. Suruka da uwar miji ne, ba asiri, ba makirci, kuma sunan fim ɗin So. A 2017 ma Ildikó Enyedi ta ci babbar kyautar bikin Berlin da labarin soyayyar wasu ma'aikata biyu a mayankar shanu, waɗanda suka gano mafarki ɗaya suke yi kowane dare.

Gona, jinga, ɗakin jinya, mayanka. Ba ɗaya daga cikinsu da babu irinsa tsakanin Auyo da Guri.

Kayan labari a fadamar Haɗeja sun fi ƙarfin fim ɗaya. Aure a nan da kaka yake tafiya: in shinkafa ta yi, a kai lefe, a sa rana, in ruwa ya fasa jinga a watan Satumba, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022, gonar da aka ci bashi aka noma ta tafi, ranar aure ta ɗaga, wani mai hali daga birni ya samu ƙofa. Ga ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa, ta mai da gonakin wasu tafki, ta bar na wasu a bushe, har ƙauyuka kan fita gayya da lauje da kwalekwale suna sara. Ga kasuwar kifi ta Haɗeja da fatake ke zuwa daga kudu. Ga rigimar manoma da makiyaya a Guri da Kirikasamma, wadda kan tashi daidai lokacin da ruwa ya janye, kowa na son danyar ƙasa; saurayi manomi da budurwar ruga a irin wannan wuri ba sai an ƙirƙiro musu abin da zai raba su ba. Ga Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa a kasuwa ɗaya. Ga dajin Baturiya da tsuntsayen da ke tasowa daga Turai suna sauka a cikinsa da hunturu. Masu son na sarauta kuma ga Sarki Buhari da ya gagari Sakkwato, ga Sarki Muhammadu da ya faɗi yana yaƙar Turawa a 1906, wanda ake kira Mai Shahada.

Za a ce ai Kannywood na yin finafinan ƙauye waɗanda ba camama ba. Tana yi. Amma ƙauyen nasu na zamanin da ne, bukkoki da ƙwarya da tulu, sarki da boka, ba shekara ba wata. Ƙauyen fadama na yau da injin ban-ruwa yake kwana, da babur, da mai POS a bakin kasuwa, da saurayin da ke sayar da buhun ridi ta waya. Wannan ƙauyen ne ba a cika gani ba. Wanda ya matso kusa shi ne Daɗin Kowa na tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014: gari ne ƙirƙirarre na masu ƙaramin ƙarfi, kuma zaman Kamaye da Adama ya nuna ana iya haɗa talauci da dariya da ƙauna a gida ɗaya jama'a su bi shekara da shekaru. Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi ya juya dariyar ta koma kan attajiri da 'ya'yansa masu jiran gado, kusan irin abin da Budapest ta yi a 1931. Ke nan ba basira ce ta yi ƙaranci ba.

Lissafi ne. Kasuwar faifai ta mutu a tsakiyar shekarun 2010, satar fasaha da masu turawa a waya da finafinan Indiya da aka fassara, irin na Algaita, suka haɗu suka kashe ta. Sana'ar ta koma shiri mai dogon zango a YouTube da talabijin, irin su Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad. Mai irin wannan shiri dole ya fitar da sabon kashi duk mako, don haka gida ɗaya da zai kama haya a Kano ya ɗauki fitowa talatin a ciki ya fi masa sauƙi da kwasar mutum ashirin da janareta zuwa bakin kogi. Sannan kuɗin YouTube daga talla yake zuwa, kuma kallon wanda ke Saudiyya ko Ingila ya fi na wanda ke Nijeriya tsada. Mai kallo na Kirikasamma da aka tura wa a memori kuwa ba ya cikin ƙidaya ko kaɗan. Mutum goma za su kalla a waya ɗaya, furodusa bai ga ko ɗaya ba, kuɗin turawa ya tsaya a shagon caji. A zamanin kaset, kuɗin baƙauye na isa Ƙofar Wambai, shi ya sa aka yi masa camama. Yanzu ko wannan igiyar ta tsinke.

Hangari ta warware nata da kuɗin gwamnati. A 2011 aka kafa asusun fim na ƙasa ƙarƙashin Andy Vajna, ɗan ƙasar da ya yi suna a Amurka da finafinan Rambo, ana zuba masa wani kaso na harajin caca. Daga wannan asusu aka yi Son of Saul da ya ci kyautar Oscar a 2016. Ba hanya ce da za a kwafa a nan ba, ko don tushen kuɗin, kuma su ma can ana ƙorafin wanda ke kusa da gwamnati ya fi samu. A Arewa yunƙurin da aka yi mafi girma shi ne alƙaryar fim da gwamnatin tarayya ta so ginawa a Ƙofa ta ƙaramar hukumar Bebeji a 2016, malamai suka yi ca, aka janye. Tun Janairun 2024 Ali Nuhu, yariman Sangaya, shi ne shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya da ke Jos, karo na farko da ɗan Kannywood ya hau wannan kujera.

Ko da kuɗin ya samu, akwai sauran aiki. Haɗejanci ba Kananci ba ne, kuma a fim ɗin Hausa duk wanda ya yi magana da karin harshen da ba na Kano ba, Basakkwace ne ko Bakatsine, yawanci an kawo shi ne don a yi dariya. Jarumar da za ta fito a 'yar masunta sai ta zauna ta koyi bakin mutanen, ta koyi zama cikin kwalekwale ba tare da ta riƙe gefe ba, ta yarda a ɗauke ta ba hoda. Lokacin da fadama ta fi kyau a ido kuma, daga Agusta zuwa Oktoba, shi ne lokacin da hanyoyin Guri ke yankewa, sauro ya yi yawa, masu masaukin da za su karɓi 'yan fim su kansu suna kan jinga da buhunan ƙasa.